Ginin da ba ya jiran wutar NEPA

A watan Afrilu, da azahar ta yi, zafi a wata jami'a ta Arewa kan haura maki 40. In aka ɗauke wuta, azuzuwan bulo da kwano sai su zama kamar tanda, ɗalibai su watse kowa na fifita da littafinsa. Da yawansu ginin Sashen Nazarin Muhalli suke nufa, har da 'yan Shari'a da ba su da darasi ko ɗaya a can.

Abin da ke jawo su yana jikin bango. Da jar ƙasa aka yi tubalinsa, aka matse da inji, aka ɗan sa siminti kaɗan, kaurinsa ya kusa kamu guda. Irin wannan bango a hankali yake shan zafin rana, sai dare ya raba yake sakinsa, lokacin kowa ya tafi. Manyan tagoginsa kudu da arewa suke kallo. Gabas da yamma kuwa, inda rana ke duka da hantsi da la'asar, 'yan kafofi ne kawai. Kwanon rufin an ɗaga shi sama da silin, iska na ratsa tsakaninsu, irin dabarar da Francis Kéré ya yi a makarantar firamaren garinsu Gando, a Burkina Faso, a 2001.

Lokacin da ake aikin, wasu manya sun yi ta gunaguni, wai jami'a guda ta koma ginin ƙasa sai ka ce ƙauye. Sun manta cewa da ƙasa da azara Babban Gwani Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Yau a tsakar ginin sashen, ƙarƙashin darbejiya, suke shimfiɗa dardumar sallah.

Sai dai ginin na son kula, kuma nan ne gizo ke saƙa. Ƙurar hunturu na lulluɓe faifan solar da ke ba ginin wuta har fankoki su rage gudu. Ganye na toshe indararon da ke kai ruwan sama cikin tanki, da damina ruwan ya malalo ta jikin bango yana cin tubali. Kuɗin gini ya samu, na gyara shiru. Wani baba mai ban ruwan shuke-shuke shi ke hawa tsani da bokiti da tsumma, ba don aikinsa ne ba. 'Yan ajin ƙarshe sun soma karɓa-karɓa da shi ranar Asabar, wani malami ma ya sa wankin sola cikin makin aikin fili.