Lokacin da Ƙarfe Ya Fara Cin Mai Ɗaga Shi

A lokacin da mutum yake ɗaga ƙarfe, wahalar da tsokarsa yake yi. Zaren tsoka yana shan ja da matsi, abincin da ta adana don aiki yana ƙarewa, wasu wuraren ma sukan ɗan yage yadda ido ba zai gani ba. Ginin yana zuwa ne daga baya, an ajiye ƙarfe, an ci abinci, an kwanta. Awon da masana suka yi ya nuna cewa tsokar da ta sha aiki mai nauyi takan ƙara saurin haɗa furotin har tsawon awa 24 zuwa 48. A cikin wannan tsakanin ne jiki yake gyara abin da ya lalace, ya kuma ɗan ƙara a kai saboda gobe. Wannan ɗan ƙarin, idan ya yi ta taruwa wata da watanni, shi ne damtsen da ake gani.

Wanda ya fara tsara wannan fahimta ba ɗan wasa ba ne. Likita ne mai suna Hans Selye, wanda ya yi bincikensa a birnin Montreal na ƙasar Kanada. A 1936 ya wallafa abin da ya gani a jikin ɓeraye: ko da sanyi aka takura su, ko da guba, ko da aiki mai yawa, jikinsu mataki uku yake bi. Da farko ya firgita, sai ya jure ya saba, in kuma takurar ta ƙi ƙarewa sai ya sare. Masu horar da 'yan wasa sun ari wannan tunani daga baya. Manomi ma ya san shi a tafin hannunsa. Idan ya bi ƙotar fartanya sannu a hankali a farkon damina, hannu yakan yi kanta, ya daina jin zafi. Idan kuwa ya ce a rana guda zai gama gona, bororo zai tashi ya fashe, gobe ko riƙe ƙotar ba zai iya ba. Ƙota ɗaya ce, bambancin yana ga lokacin da aka bai wa fata ta warke.

A 2013 manyan ƙungiyoyi biyu na masana kimiyyar wasanni, ta Turai da ta Amurka, sun fitar da matsaya ta haɗin gwiwa wadda ta raba wuce gona da iri a horo gida uku. Na farko gajiya ce da ake jawowa da gangan: a matsa wa jiki na ɗan lokaci, ƙarfi ya ɗan ja baya, a huta kwanaki ko mako biyu, sai ya dawo har ya zarce na da. Na biyu shi ne idan an zarce, hutun ya koma makonni ko watanni, kuma ba wata riba a ƙarshensa. Na uku shi ne cutar kanta, wadda takan kwantar da ɗan wasa watanni masu yawa, wani lokaci ta raba shi da sana'ar. Abin takaici shi ne alamominsu kusan iri ɗaya ne, sai an ga tsawon lokacin da murmurewa ta ɗauka sannan a san a wane gida mutum ya faɗa.

Gida na ukun ba kasafai yake samun masu ɗaga ƙarfe ba. An fi ganinsa a wurin masu gudun fanfalaki, masu ninƙaya da masu tseren keke. Lokacin da wani masani a Amurka, Andrew Fry, ya so ya haddasa shi da gangan don bincike a farkon shekarun 1990, sai da ya sa samari suna ɗaga iyakar nauyin da ƙafafunsu za su iya, sau goma a rana, kullum, har mako biyu, kafin ƙarfinsu ya faɗi a fili. Matashin da yake zuwa ɗakin motsa jiki sau huɗu a mako bai kama ƙafar wannan ba. Abin da ya fi damun irinsa, a ganina, ba yawan ƙarfe ba ne shi kaɗai. Ƙarancin barci ne, da ƙarancin abinci, da wahalar neman na kai, sannan a ɗora ƙarfe a kansu. Jiki ba ya ware wa kowace wahala asusunta. Lebura da ya yini yana sauke buhunan siminti masu kilo 50 ya riga ya yi atisayen baya da kafaɗa tun kafin magariba, ko ya lissafa ko bai lissafa ba.

Alamomin da ya kamata a kula da su

Babbar alama, wadda sauran duka suke bin bayanta, ita ce ƙarfi ya riƙa raguwa alhali ƙoƙari bai ragu ba. Nauyin da aka saba turawa sau goma ya koma sau bakwai, mako ya zagayo ya koma shida, kuma ba rashin lafiya aka yi ba. Rana guda mara daɗi ba komai ba ce, kowa yana da ita. Mako biyu ko uku a jere kuwa magana ce. Saboda haka ɗan littafin rubutu da biro sun fi madubi amfani a wannan harka. Madubi yana nuna wa mutum abin da yake so ya gani, ko abin da yake tsoro. Littafi kuwa zai ce masa ranar kaza ka ɗaga kilo kaza sau kaza, ba ƙari ba ragi.

Sauran alamomin sukan zo a gauraye. Mutum ya gaji tiɓis amma barci ya ƙi zuwa, ko ya riƙa farkawa tsakar dare. Abinci ya fita daga ransa, nauyinsa ya fara sauka ba da niyya ba. Mura ta riƙa kama shi a kai a kai. Ya zama mai saurin fushi, iyalinsa su riga shi lura. Sha'awar iyali ta yi sanyi. Wurin da da yake ɗokin zuwa ya koma masa kamar wurin biyan tara. Wasu sukan ƙirga bugun zuciyarsu da asuba kafin su tashi daga shimfiɗa. Idan ya ɗaga sama da yadda aka saba kwanaki a jere, abin lura ne, ko da yake shi kaɗai ba ya yanke hukunci.

Tsamin jiki na bayan atisaye ba ya cikin wannan lissafi. Yakan fara ne bayan wasu awanni, ya yi tsanani tsakanin awa 24 da 72, sannan ya washe. Sabon shiga da wanda ya canza salon atisaye su suka fi jin sa. Ba shaida ba ne cewa tsoka tana girma, rashinsa kuma ba shaida ba ne cewa an yi aikin banza. Ciwon da ya kamata a tsaya a saurara shi ne na gaɓa: gwiwar hannu, kafaɗa, gwiwa, ƙugu, musamman mai suka a wuri guda, wanda yake ƙaruwa mako bayan mako. Jijiyoyin da suka ɗaure tsoka da ƙashi ba su samun jini kamar tsoka, don haka sun fi ta jinkirin ƙarfafa. Tsoka takan ce a ƙara nauyi alhali jijiya ba ta shirya ba.

Akwai kuma abin da likitoci suke nanatawa. Ba a cewa horo ne ya kayar da mutum sai an tabbatar ba wata cuta ba ce. Kasala da ramewa da rashin cin abinci alamomi ne na zazzaɓin cizon sauro, da taifot, da ƙarancin jini, da ciwon suga, da ciwon damuwa. Wanda ya huta mako biyu bai ji sauƙi ba, asibiti ya kamata ya nufa a auna jininsa.

Tarkon kwaikwayon zakaru

Yawancin masu faɗawa wannan rami kwaikwayo ne ya kai su. Arnold Schwarzenegger, wanda ya ci gasar gina jiki ta Mr. Olympia sau bakwai, daga 1970 zuwa 1975 sannan a 1980, yakan yi horo sau biyu a rana a Kalifoniya idan gasa ta matso. A Bulgeriya, kocin ƙasa Ivan Abadjiev ya shahara a shekarun 1970 da 1980 da sa 'yan wasansa su ɗaga nauyi kusa da iyakarsu sau da yawa a rana guda, kuma sun kwashi lambobin zinare. Matashi zai ga wannan a waya ya ce ga sirrin. Abin da ba a cika gaya masa ba shi ne waɗannan mutane an tace su ne daga dubbai, ba su da wata sana'a sai wannan, ci da barci ma cikin aikinsu suke. Shi Schwarzenegger da bakinsa ya amsa cewa ya yi amfani da magungunan ƙara tsoka a zamaninsa. Ita kuwa tawagar Bulgeriya, a gasar Olamfik ta 1988 a birnin Seoul an ƙwace zinare biyu daga hannunta bayan gwajin ƙwayoyi, sauran 'yan wasan suka janye. Magungunan ƙara tsoka suna gaggauta murmurewa, suna kuma cin zuciya da hanta. Wanda ya kwafi jadawalin ba tare da su ba zai sare, wanda ya kwafa tare da su kuma ya sayi wata matsalar da ta fi.

An samu masu ja da wannan salo tun a wancan lokaci. Arthur Jones, mai kamfanin injinan Nautilus, da Mike Mentzer, wanda ya ci Mr. Universe a 1978, sun yi ta wa'azin a rage yawa, a ƙara tsanani, a tsawaita hutu. Dorian Yates na Birmingham a Ingila ya bi wannan hanya, yana horo kamar kwana huɗu a mako, ƙasa da awa guda kowane zuwa, ya ci Mr. Olympia sau shida a jere daga 1992 zuwa 1997. Sai dai shi ma bai tsira ba: tsokar gaban damtsensa ta tsinke a 1994, ta baya ta bi a 1997, daga nan ya ajiye gasa. Ashe ana iya wuce iyaka ta yawa, ana iya wuce ta ta tsanani.

Abin da bincike na baya-bayan nan ya fi karkata a kai matsakaici ne. A auna aiki da zagaye, wato ɗagawa a jere har a ajiye a huta. Zagaye goma zuwa ashirin a mako ga kowace tsoka ya ishi yawancin mutane, sabon shiga ma ƙasa da haka. A raba su kwana biyu a mako, a bar aƙalla awa 48 kafin a sake matsa wa tsoka guda. Ba dole ba ne kowane zagaye sai hannu ya ƙi ɗaguwa; a tsaya saura ɗagawa ɗaya ko biyu, ribar kusan ɗaya ce, gajiyar kuma ta ragu sosai. Idan za a ƙara, a ƙara abu guda, nauyi ko yawa, ba duka biyun a mako ɗaya ba. Masu horarwa da yawa sukan ware mako guda a duk wata ɗaya ko biyu a rage aikin zuwa rabi.

Tsoron da yake hana mutane hutu shi ne kada tsoka ta zube. Wani bincike da aka yi a Japan, aka wallafa a 2013, ya raba samari gida biyu na tsawon mako 24. Kashi ɗaya ba su tsaya ba, ɗaya kashin kuwa sukan yi mako shida su huta uku. A ƙarshe girman tsokarsu da ƙarfinsu sun zo kusan daidai. Mako guda na hutu ba ya rushe aikin shekara.

Barci awa bakwai zuwa tara ake so ga baligi. A wani gwaji na Jami'ar Chicago da aka wallafa a 2011, samarin da aka taƙaita wa barci zuwa awa biyar har mako guda, sinadarin mazantaka na jikinsu ya ragu da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Furotin kuma kimanin giram 1.6 ake nema ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, wato mai kilo 70 yana buƙatar wajen giram 112. Ƙwai guda yana da kamar giram 6. Wake, awara, ƙuli-ƙuli, nono, kifi da nama duk suna cike gurbin, ba sai an sayi garin gwangwani mai tsada ba. Tuwo da shinkafa ma ba abokan gaba ba ne, su ne man da ake ƙonawa. A watan azumi hikima ita ce a rage aiki, a mayar da shi bayan buɗa-baki, a ɗauki watan a matsayin na riƙe abin da aka samu.

Akwai nau'i guda na wuce iyaka da ba ya jiran makonni, a zama ɗaya yake faruwa. Idan aka azabtar da tsoka fiye da kima, ƙwayoyinta sukan farfashe su zubar da abin da ke cikinsu a jini, ƙoda ta kasa tacewa har ta iya tsayawa. A watan Janairun 2011 an kwantar da 'yan wasa 13 na Jami'ar Iowa a asibiti saboda haka, bayan wani horo da ya haɗa da tsugunno sau 100 da ƙarfe a kafaɗa, suna dawowa daga hutu ke nan. Ƙarfafa ne, matasa, ƙarƙashin ƙwararru. Haɗarin ya fi yawa ga sabon shiga, da wanda ya dawo bayan dogon hutu yana son ya ci gaba daga inda ya tsaya, da mai atisaye cikin zafi irin na bazara ba isasshen ruwa. Masu jinin AS, waɗanda a Nijeriya sun kai kusan mutum ɗaya cikin huɗu, bincike a kan sojojin Amurka ya nuna haɗarinsu ya ɗara na sauran. Magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac suna ƙara wa ƙoda nauyi idan jiki ya bushe, tramadol kuma yana rufe ciwon da ya kamata ya tsayar da mutum. Alamomin wannan farfashewar tsoka su ne ciwo mai tsanani da ya wuce tsamin da aka sani, kumburin tsoka, rashin ƙarfi, da fitsari mai duhu kamar ruwan shayi ko Coca-Cola. Wanda ya ga haka ya tafi asibiti a ranar, ya gaya wa likita irin atisayen da ya yi. Maganin farko ƙarin ruwa ne ta jijiya, kuma idan an fara da wuri yawancin ƙoda takan farfaɗo.