Gilashin Oga da Sifirin Goma Sha Shida

A wani gareji da ke kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, akwai ɓallin gilashin taga da ba a barin yaro ya taɓa shi da hannun baƙin mai. Yana jingine bayan akwatin sifanu, ba ya fitowa sai ranar da aka kawo sifirin ɗin bawul na hannu, irin wanda ake cirowa daga injunan da 'yan kasuwa ke kira Beljiyam.

Ranar da na je, tof-silindar wata tasi ce a kwance kan benci. Direban ya ce sabon sifirin ya fi ƙarfin aljihunsa, sai aka aiki yaro kasuwa ya dawo da guda 16 a leda, daidai da yawan bawul ɗin injin. Oga, mai garejin, bai ko dube su ba sai da aka wanke su tas da kananzir, don datti kan rufe aibi.

Sifirin ɗin bawul ɗan mitsitsi ne, amma wahalarsa ba kaɗan ba ce. Shi ke mayar da bawul ya rufe bayan kowace buɗewa. Idan inji na juyi 3,000 a minti, kowane bawul na buɗewa sau 1,500, wato sau 25 kafin daƙiƙa ɗaya ta cika. Sifirin da ya gaji ba ya iya bin wannan gudu: bawul ya makara wajen rufewa, mota ta rasa ƙarfi a kan hanya. Wanda ya karye kuwa yana iya sakin bawul ya ci karo da fistin, daga nan sai maganar sauke inji.

Oga ya kwantar da gilashin, ya jera sifirin ɗin a kai kamar sahun salla. Nan take biyu suka tona asirin kansu, sun fi sauran gajarta. Ya auna tsayin kowanne ya gwada da abin da littafin injin ya faɗa. Sannan ya ɗauko ƙarfen kusurwa irin na kafintoci, ya jingina kowane sifirin da shi yana juyawa a hankali. Wanda kansa ya kauce da kusan milimita 2, karkatacce ne, zai riƙa jan bawul gefe yana cinye mazauninsa. Ɗaya ya faɗi a nan. Na huɗu kuma farcen Oga ne ya kama shi: ɗan ramin tsatsa a jikin waya, kuma daga irin wannan rami tsagewa ke farawa.

Direba ya so a yi haƙuri da mai tsatsar, tunda ido ma da ƙyar yake ganinta. Oga ya tuna masa cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ya ƙara da cewa gilashi ba ya faɗin ƙarfin sifirin, wannan sai na'urar matsawa, don haka goma sha biyun da suka tsira ma sai an kai su can.

Yaro ya koma kasuwa da guda huɗu a leda. Mai shagon ya san ledar garejin nan, bai tsaya musu ba, ya turo masa kwandon ya zaɓa.