Sana'ar 'Yar Wasan Kwaikwayo a Ƙasar Hausa: Daga Dandali Zuwa Shiri Mai Dogon Zango

Wasan kwaikwayo mai dogon zango, wato shirin da ake rarraba labarinsa kashi-kashi ana nuna shi mako-mako har tsawon shekaru, ya zama babban abin kallo a gidajen Hausawa, kuma mata ne ke ɗauke da mafi yawan nauyinsa, domin labaransa ba sa wuce aure da kishi da tarbiyyar 'ya'ya da rikicin gado. A garuruwan ƙasar Sakkwato irin su Wurno da Rabah da Goronyo, inda ba kowane gida ne ke da tauraron ɗan'adam ba, shagunan cajin waya da tura fina-finai sun wadatar da jama'a, har ta kai manomin albasa da matan kulle sun san fuskokin jarumai kamar na maƙwabtansu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yadda sana'ar take daga ciki, da kuma dalilin da ya sa mace ɗaya kan shafe shekaru da dama ana damawa da ita, alhali wasu goma sun haska na ɗan lokaci sun ɓace.

Kwaikwayo ba baƙon abu ba ne ga matan Hausa. A wasannin tashe da ake yi cikin watan azumi, 'yan mata kan kwaikwayi zaman aure da hidimar gida, kamar yadda ake gani a wasan Mairama da Daudu, sannan akwai wasan gauta, wanda matan fada kan shirya su kwaikwayi sarki da fadawansa don a yi dariya a kuma gane kuskure. Faɗakarwa ta bakin mata ma tana da tushe mai zurfi a ƙasar Sakkwato, inda Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, ta riƙa tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna karantar da mata ta hanyar waƙoƙi, ko da yake wannan karantarwa ce ta addini, ba wasa ba. Da boko ya zo aka fara rubuta wasanni, aka samu Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Zamanin Nan Namu da Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Muhammad Sada. Duk da cewa akwai mata a cikin waɗannan labarai, a makarantun maza yara maza ne kan ɗaura zane da ɗankwali su fito a matsayinsu, saboda al'umma ba ta saba ganin mace baliga ta hau dandali a gaban taro ba.

Rediyo ne ya fara buɗe wa mata ƙofa, domin murya kawai ake ji, ba a ganin fuska. Bayan da aka kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, aka samu shirye-shirye irin su Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan, daga baya kuma talabijin ya kawo Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, da Karambana na Kasimu Yero, da Kuliya Manta Sabo a Kano, da Idon Matambayi a Sakkwato. Mata sun fito a waɗannan wasanni a matsayin matan gida da surukai da dillalai, amma abin lura shi ne tarihi ya fi riƙe sunayen mazan, su kuwa matan sai aka riƙa kiransu da sunan da suka fito da shi a shirin, har sunansu na yanka ya ɓace wa jama'a. Yawancinsu suna da wani aikin da suka dogara da shi, wasan kuwa sha'awa ce da ake ba da ɗan alawus a kanta.

Zuwan fim na bidiyo ya sauya al'amarin. Daga fim ɗin Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, harkar ta bar hannun gidajen talabijin na gwamnati ta koma hannun 'yan kasuwa, kuma kafin shekara goma ta cika, fina-finan soyayya masu rawa da waƙa irin su Sangaya, wanda ya fito da Fati Muhammad, sun mayar da budurwa kyakkyawa babbar hajar masana'antar da aka laƙaba wa suna Kannywood. Wannan ya kawo wa mata ɗaukaka da kuɗin da ba su taɓa samu ba, amma ya gajarta musu zango, domin jarumar da kasuwarta ta dogara da ƙuruciya ba ta daɗewa wata sabuwa ta maye gurbinta, kuma aure kan zama ƙarshen sana'a ga mafi yawansu, tunda mazaje kaɗan ne ke amincewa matansu su koma lokeshan, wato wurin ɗaukar fim. Ga kuma idon hukuma da na al'umma, wanda ya fi tsananta a kan mace. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, sannan a 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowar da ta yi a bidiyon wata waƙa, abin da ya ƙara tura ta fina-finan Kudu, har daga baya ta fito a wani fim na Indiya.

Rayuwar marigayiya Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso, ta nuna wata hanya dabam. An haife ta a 1968, ta yi aikin koyarwa kafin ta shiga fim a shekarar 2000 da Linzami da Wuta na kamfanin Sarauniya, lokacin tana da shekara 32, wato shekarun da wasu jarumai ke yin sallama da harkar. Ba ta nemi matsayin budurwar da ake so ba, sai ta kama fitowar muguwar uwa da azzalumar kishiya da uwar miji mai masifa, ta ƙware a harara da gatse da ɗaga murya, har masu kallo da yawa suka ɗauka halinta ke nan. Irin wannan matsayi ba ya tsufa, domin kowane labarin gida yana buƙatarsa, shi ya sa ta ci gaba da aiki shekara 24, har zuwa rasuwarta a Kano a watan Afrilu na 2024, a ƙarshen azumi. Darasin da ke ciki shi ne gwaninta a kan hali guda da aka iya sarrafawa ta fi kyawun fuska jure wa zamani.

Shirye-shirye masu dogon zango sun faɗaɗa wannan hanya. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, daga baya kuma Labarina na Aminu Saira da Izzar So suka ja miliyoyin masu kallo a YouTube. Aikin irin wannan shiri ya bambanta da na fim ɗin da ake gamawa cikin mako ɗaya ko biyu. Ba a ɗaukar labari a jere, sai a tattara duk fitowar da za a yi a ɗaki guda a ɗauke ta rana ɗaya, don haka jaruma kan yi kukan mutuwar miji da safe, da rana ta sauya atamfa ta yi dariyar ranar aurensu, kuma dole ɗaurin ɗankwalinta da lallen hannunta su yi daidai da yadda suke a fitowar da aka ɗauka makonni da suka wuce. Ladan wannan wahala shi ne aiki mai ɗorewa da matsayi mai girma tare da mai shi, kamar yadda Adama matar Kamaye ta zama sananniya a Daɗin Kowa. Haɗarinsa kuwa shi ne matsayin na kamfani ne, ba na jaruma ba, kamar yadda aka gani a 2022 lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina, aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, labari ya ci gaba.

A Ingila, inda irin wannan shiri ya daɗe da kafuwa, ana nuna Coronation Street tun watan Disamba na 1960, EastEnders kuma tun 1985, kuma yawancin manyan matan da suka yi suna a cikinsu daga dandali suka fito. June Brown ta yi karatun wasan kwaikwayo, ta shafe shekaru a kan dandali, sannan ta shiga EastEnders tana da shekara 58, ba ta bar shi gaba ɗaya ba sai a 2020, har an taɓa ba ta kashi guda cur ita kaɗai a 2008. Abin da ya ba ta wannan dama bai tsaya ga baiwa ba, akwai makarantun horo, da ƙungiyar 'yan wasa ta Equity da aka kafa tun 1930, da rubutacciyar yarjejeniya mai fayyace albashi da haƙƙin maimaita shiri. Inda babu waɗannan, labarin kan zama irin na Zalika Souley ta Nijar, wadda ta haska tun 1966 a fina-finan Moustapha Alassane da Oumarou Ganda, amma ta tsufa cikin rashi.

A ƙasar Hausa ma batun ya fito fili a farkon 2022, lokacin da dattijuwa Ladin Cima ta bayyana a wata hira da sashen Hausa na BBC cewa 'yan dubban nairori ake sallamarta da su a fim, maganar da ta tayar da ƙura tsakanin furodusoshi da 'yan wasa. Gyaran ba ya samuwa da gudummawar da ake tarawa bayan jaruma ta kwanta ciwo. Yana buƙatar yarjejeniya a rubuce kafin a kunna kyamara, da mafi ƙarancin kuɗin fitowa da ƙungiyoyi za su tsayar, da kaso daga kuɗin da shiri ke ci gaba da kawowa a intanet, da asusun lafiya na tsofaffin 'yan wasa, da kuma adana tsofaffin kaset-kaset na gidajen talabijin tare da cikakkun sunayen matan da suka fito a ciki. Masu kallo ma suna da nasu haƙƙin, wato su rarrabe tsakanin mace da matsayin da aka ba ta, su kuma san cewa shirin da aka tura musu a waya a shagon kasuwa, da wuya ko sisin kwabo daga kuɗin ya isa hannun waɗanda suka yi shi.