Sulhu a Batsari da Safana: Ina Rabon Yara?

Rayuwar ƙananan hukumomin Batsari da Safana a jingine take da Dajin Rugu, wanda ya miƙe har cikin jihar Zamfara. A da wurin kiwo ne da farauta, amma fiye da shekara goma ke nan ya zama mafakar 'yan bindiga. Kullum ana lissafa rayukan da aka rasa da shanun da aka kora. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne ɓarnar da rikicin ya yi wa gida da tarbiyya.

Gwamnati ta gwada dabaru iri-iri. Tsohon Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu a 2017 da 2019, duka suka rushe. A Fabrairun 2020 aka kashe kimanin mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan biyu. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktobar 2023. A 2025 kuma jama'a da shugabanninsu suka zauna da mutanen daji, Batsari ta fara, Safana ta biyo baya. Hare-hare sun ragu, manoma da dama sun koma gonakinsu.

Sai dai buɗe hanya daban, gyara gida daban. Magidancin da ya sayar da gona da shanun huɗa don biyan kuɗin fansa ya dawo hannu rabbana. Wanda bai iya ciyar da iyalinsa kuwa, ko ya yi faɗa ba a cika saurarensa ba. Matar da aka kashe wa miji tana zaune a kangon wani a Batsari ko Dutsinma ko Katsina, babu ƙyaure sai buhu da aka rataya. Da safe sai ta ɗora wa 'yar shekara tara farantin talla, ta miƙa wa ƙanin yarinyar robar bara, ba don rashin so ba, sai don tukunya ta hau wuta. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne suka mutu da tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon 2025.

A cikin dajin ma akwai yara. Ɗan da aka haifa a ruga lokacin rikicin bai taɓa ganin aji ko ma'aikacin rigakafi ba. Kakansa sanda ya riƙe yana bin shanu, shi kuwa ya buɗe ido ya ga yayyensa da bindiga a kafaɗa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In aka bar maraya ya girma da ƙullin ramuwa, ɗan ruga ya girma da sha'awar makami, sulhun yau ba zai kai gobe ba.

Don haka ya wajaba a sa yara cikin kowace yarjejeniya. A gyara firamaren da aka rufe, a kai malamai, a ciyar da ɗalibai. A farfaɗo da makarantun makiyaya, waɗanda aka kafa wa hukuma tun 1989. Masu unguwanni da dagatai su rubuta sunayen marayu gida-gida, domin zakka da tallafi su isa hannun masu haƙƙi, ba 'yan jam'iyya ba. Iyaye mata su samu jarin da zai sa su sauke wa 'ya'yansu talla. Mu iyaye kuma mu daina zancen ɗaukar fansa a gaban yara.

Zaɓen 2027 na ƙaratowa, masu neman ƙuri'a za su zo da taliya da atamfa. Kafin mu karɓi alƙawarin kowa, mu tambaye shi makarantu nawa zai buɗe a Runka da Ruma da Wagini, da kuma wanda zai ɗauki nauyin marayunmu. Wanda ba shi da amsa bai cancanci ƙuri'ar uwa ko uba ba.