Alƙalami Goma a Kan Takarda Ɗaya: Ko Yana Gaggauta Aiki?

Ran 9 ga watan Disamba, 1968, a birnin San Faransisko na ƙasar Amurka, wani injiniya mai suna Douglas Engelbart ya nuna wa taron masana wani abin mamaki. Yana zaune gaban na'urarsa, abokin aikinsa kuwa yana can Menlo Park, tazarar kamar mil 30, amma su biyun suna aiki a kan rubutu guda, kowa yana ganin abin da ɗan'uwansa ke yi.

Sai da aka shafe kusan shekara 40 kafin dabarar ta iso hannun jama'a. A 2006 kamfanin Google ya sayi wata manhaja, Writely, wadda ta zama Google Docs. A cikinta mutane har 100 suna iya gyara takarda ɗaya a lokaci guda.

Amfaninta a fili yake. A da, sakataren kwamiti yakan aika wa wakilai biyar daftarin rahoto, kwafi biyar su dawo masa, kowane da nasa gyaran, ya kwana yana daidaita su. Yanzu kwafi ɗaya ne tak, manhajar kuma tana ajiye tarihin wanda ya sauya abu da lokacin da ya sauya, har ana iya maido da abin da aka goge. Da annobar korona ta rufe ofisoshi a 2020, da wannan hanya ma'aikata da yawa suka ci gaba da aiki daga gida.

To, amma na'ura haruffa take sasantawa, ba ra'ayoyi ba. In ma'aji ya rubuta naira miliyan 2, shugaba ya mayar da ita miliyan 3, gyaran ƙarshe ne zai tsaya, ko daidai ne ko kuskure. Har ila yau ƙaramin ma'aikaci yakan ji nauyin rubuta tunaninsa tun bai nuna ba, alhali ga sunan maigidansa a saman shafi yana kallo.

Saboda haka ta fi dacewa da rubuta bayanin taro, jerin sunaye da tsarin ayyuka, inda kowa ke da nasa gurbi. Rahoton da ke bukatar murya ɗaya kuwa, gara a naɗa marubuci guda, sauran su sa shawarwarinsu a gefen shafi, a kuma yanke ranar rufe gyara. Hannu da yawa suna ɗaukar jinka, amma sai an sami mai cewa a ɗaga.