Kofin Gilashi a Kan Hanya

Shirinmu na musamman na yau zai yada zango a Mabai, cikin ƙaramar hukumar Ƙanƙara ta jihar Katsina, daga nan mu leƙa Faskari da Sabuwa. Abin da za mu tattauna a kai ƙarami ne a ido, amma ya sha haɗa dangin amarya da direba faɗa: yadda ake tafiya da kofin gilashi, ko tambulan, ko finjalin shayi, a isa da shi lafiya.

Duk wanda ya taɓa ganin ranar kai kayan jere a ƙauyukan wannan yanki ya san yadda take. A kira a-kori-kura, a loda gado da katifa da kujeru, a jera fanteka da samira da kuloli, sannan a ƙarshe, da yake kowa na tsoronsa, a ɗora kwalin kofuna da tangaran a can baya, saman kaya, wai don kada a danne shi. Mota ta kama hanyar burji, ta faɗa wannan rami ta fita ta faɗa wancan, ga kwazazzabon da damina ta bari. Da an isa, 'yan jere su buɗe kwali, dozin ɗin da uwar amarya ta tara kuɗin adashi ta saya ya koma tara. Nan take za ka ji ana cewa direban nan ba shi da imani, gudu ya yi ta sheƙawa.

To, wani lokacin da laifin direba, ba mu wanke shi ba. Amma mafi yawan kofunan nan tun a tsakar gida aka yanke musu hukunci, wajen ɗauri.

Gilashi yana jure dannewa fiye da yadda muke zato. Abin da ba ya jurewa shi ne ƙwanƙwasa da gogayya. Idan kofi biyu suna taɓa juna, kowane gargada na hanya sai sun ɗan bugi juna, bugun ya bar ƙarzuwa siririya wadda ido ba ya gani. A tafiyar awa guda ana iya yin irin wannan bugu ba adadi. Ƙarzuwar ta yi ta tsawo har ta zama tsaga, ramin ƙarshe ya ƙarasa aikin. Baki kuma shi ne wuri mafi rauni a jikin kofi. Saboda haka abokan gāba biyu ne: gilashi ya taɓa gilashi, da kuma a bar sarari a cikin kwali inda kaya za su samu damar rawa.

Mutanen da suka fi kowa sanin wannan su ne waɗanda gidansu ke tafiya tare da su. Ku dubi Buzaye. Ba baƙi ba ne a ƙasar Katsina. A watan Janairun 1851, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth tare da ayarin gishiri na mutanen Azbin ya iso birnin Katsina, kafin ya wuce Kano. Ayarin nan na raƙuma, wanda har yau bai mutu ba, yana tashi daga yankin Agadas ya ratsa saharar Tenere zuwa Fachi da Bilma, ya ɗauko kantun gishiri da dabino, ya gangaro kudu ya musanya da gero. Kantu abu ne mai saurin karyewa, wanda ya karye kuma darajarsa ta ragu a kasuwa, don haka sai an naɗe shi da ciyawa da tabarmar kaba an ɗaure tam kafin a aza wa raƙumi. Daga baya, da koren shayin ƙasar Sin ya bazu cikin sahara ta hanyar Maroko, sai kayan shayi suka shiga sahun abin da Buzu ba ya rabuwa da shi: 'yar buta, ɗan murhun waya, sukari, ganyen shayi, da finjalai na gilashi.

A nan mai sauraro zai iya tambaya: mutumin da zai yi makonni a kan raƙumi, me ya kai shi ɗaukar abin da ke fashewa, ga kofin silba ga na roba? Ku zauna kusa da mai dafa shayin ku gani. Yana ɗaga buta sama yana tsiyayawa, ya mayar, ya sake tsiyayawa, idonsa na kan kumfa da launin ruwan. Ta nan yake gane ko shayi ya nuna, ko sukari ya kama. Kofin ƙarfe yana ɓoye wannan duka, ga ƙona leɓe. Roba kuma tana riƙe wari. Shayin da ake sha zagaye uku, na fari da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, ba a yi masa wannan wulaƙancin.

Dabarar Buzu kuwa mai sauƙi ce, kuma ni a ganina ta fi duk wata dabara da za mu ambata a yau. Da farko ba ya ɗaukar da yawa. Finjali biyu ko uku sun ishi zama guda, ana sha ana ɗauraye wa na gaba. Finjalin gajere ne, ba shi da mariƙi ko doguwar ƙafa da za ta karye. Sannan kowanne yana da mazauninsa, ko a ɗan kwandon saƙa mai murfi, ko a ɗan akwati, ko a gwangwani da aka cusa wa tsumma har ba abin da ke motsi. Buta daban ake naɗe ta, don ƙarfe da gilashi ba sa kwana ɗaki ɗaya.

Fulani makiyaya, waɗanda suka daɗe suna kai da komo tsakanin dajin Rugu da mashekarin kudu, su ma da nasu ilimin. Dukiyar mace ƙorai ne. Ranar tashi ana jera su ƙarama cikin babba, a sa faifai ko tsumma tsakani, a zuba cikin raga a tamke, a aza bisa takarkari ko jaki, nauyin dama daidai da na hagu. Sai dai ƙwarya tana da gata: in ta tsage akwai mai gyartai, ya ɗinke ta ta koma bakin aiki. Gilashi ba shi da gyartai. Kuma abin da ya yi wa ƙwarya daidai, wato a cusa wata cikin wata, shi ne ke kashe tambulan, domin na ciki yana zame wa na waje tamkar weji a jikin itace, kowane girgiza yana ƙara tura shi ƙasa yana buɗa bakin ɗan'uwansa.

Turawa ma suna fama da wannan matsala, ko da yake tasu ta nishaɗi ce. A Jamus da Faransa da Ingila da Amurka akwai masu mayar da mota gida, da gado da madafa da kabad, su yi ta yawon hutu a ciki. Har baje koli ake yi wa irin waɗannan motoci kowace shekara a birnin Düsseldorf. Su kan manna soso mai ramuka a cikin kabad, kowane kofi da raminsa, su shimfiɗa roba mai hana santsi, su sa wa ƙofa sakata. Wasu safa kawai suke zura wa kowane kofi. Wasu sun haƙura sun koma roba mai kama da gilashi. Akwai kuma gilashin da aka gasa aka huce da shi da sauri don ya yi tauri, irin wanda kamfanin Duralex na Faransa ke yi tun 1945; yana jure faɗuwa, in kuma ajali ya zo sai ya tarwatse ƙanana-ƙanana maimakon ya bar tsini. Duk ka tattara, abin da Buzu ke yi da tsumma ne suke yi da soso.

To mu dawo gida. Inna, ko gwaggo, ko yaya, in ke ce aka ɗora wa shirya kayan ɗiya, kada ki yarda da kwalin da aka sayo kofuna a ciki sai kin gwada shi. Ki cusa takarda ko tsumma a cikin kowane kofi, ki naɗe shi shi kaɗai, ki tsayar da shi, kada ki kwantar. Ƙasan kwali a shimfiɗa zane, duk wani gurbi a cike shi. In babu takarda, akwai dusa, akwai ƙaiƙayi, akwai ɓuntun shinkafa. Da su ake kai ƙwan zabi kasuwa, kuma ƙwai bai fi kofi ƙarfi ba. Bokitin fenti mai murfi ma ya fi kwali, don ba ya lotsewa, ruwan sama ba ya jiƙa shi. In kin gama, ki ɗaga ki girgiza kusa da kunne. Kin ji ƙara, ki kwance ki sake.

Kai kuma malam direba, can bayan mota, bayan tayoyin baya, nan ne ya fi ko'ina tsalle. Kayan fashi tsakiyar mota suke so, a ƙasa, a tokare su da katifa ko filo, ko kuma a riƙe a cinya a gaba. A kan babur, wanda shi ne motar yawancin ƙauyukanmu, kada a ɗaure kwali kai tsaye bisa ƙarfen kariya. A sa bargo a ƙasa, kuma kada a ja roba har ta lotsa kwalin.

Ba za mu yi kamar ba mu san halin da hanyoyin nan suke ciki ba. A ƙarshen watan Agustan 2021, gwamnatin jihar Katsina ta Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme saboda 'yan bindiga, aka ce su zagaya ta Funtuwa. Tafiya ta ƙara tsawo, kuma ko a inda hanya ke buɗe, akwai wuraren da fasinja da kansu ke roƙon direba ya taka mota, ba mai zancen tangaran. Iyalan da suka bar ƙauyukansu da dare kuwa ba su tsaya naɗe kofi ba, tukunya da tabarma da buta aka sura. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Amma ita ma dalili ce ta a yi ɗauri mai kyau tun daga gida, tunda ba kullum ake da zaɓin tafiya a hankali ba.

In an isa, a buɗe kaya bisa tabarma, a kori yara marasa takalmi tukuna. Kofin da bakinsa ya ɓantare a fitar da shi daga jere, kada a ce a bar wa yara, leɓensu zai yanka. Idan biyu sun maƙale, kada a murɗa da ƙarfi: a zuba ruwan sanyi a na ciki, a tsoma gindin na waje a ruwan ɗumi, za su saki juna. Lokacin hunturu kuma, kofin da ya kwana cikin sanyin mota a fara ɗauraye shi da ruwan ɗumi kafin a zuba masa tafasasshen shayi, musamman mai kaurin gindi, wanda ya fi siriri saurin tsagewa da zafi.