Feshin ruwa da metanol a injin turbo: yadda yake aiki da yadda ake haɗa shi

Kowane direba ya san ruwa da cikin inji ba sa ga maciji. Shi ya sa mutane da yawa ke mamaki idan suka ga bidiyon masu gyaran motocin tsere a YouTube ko TikTok suna haɗa wata na'ura da ke fesa ruwa cikin inji da gangan. Dabarar gaskiya ce, kuma tana aiki. Sai dai wanda ya haɗa ta da ka, yana iya wayar gari ba shi da inji.

Me ya sa ake fesa ruwan?

Aikin turbo shi ne matse iska ya tura ta cikin silinda domin a ƙona mai da yawa a samu ƙarfi. Matsalar ita ce iska na ɗaukar zafi idan an matse ta. Idan zafin ya yi yawa, wani ɓangare na man da ke cikin silinda yakan fashe da kansa maimakon ya ƙone a hankali bayan fulogi ya ba da wuta. Wannan fashewar ce ke sa inji ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe, kuma idan ta daɗe tana iya fasa fistin. Ƙwaƙwalwar motar zamani, wato ECU, tana jin wannan ƙara, sai ta rage wa injin ƙarfi don ta kare shi. Shi ya sa motar turbo kan yi sanyin jiki a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri.

Idan aka fesa ruwa ya zama kamar hazo a cikin iskar, yana zama tururi ya kwashe zafin, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Kilo ɗaya na ruwa na shanye zafi fiye da ninki 6 na abin da kilo ɗaya na fetur zai shanye. Shi kuma metanol yana ƙonewa kamar mai, kuma yana jure matsi fiye da fetur. Yawanci ana haɗa su rabi da rabi.

Dabarar ba sabuwa ba ce

A Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen yaƙin Jamus irin su Messerschmitt Bf 109 sun yi amfani da wani haɗi mai suna MW 50 don samun ƙarin ƙarfi na ɗan lokaci. A 1962 kamfanin Oldsmobile na Amurka ya fito da mota mai suna Jetfire da ke da tankin ruwa da metanol. Masu motar da yawa sun riƙa mantawa da cika tankin, motar ta rage ƙarfi, su kuma su koma suna ƙorafi. A 2016 BMW ya dawo da dabarar a motar M4 GTS, mai tankin lita 5 a cikin but, ruwa zalla ba metanol. Sanyin ya ba kamfanin damar ƙara matsin turbo, ƙarfin ya tashi daga doki 431 zuwa 500.

Kayan da ke cikin kwalin

Kamfanoni irin su Snow Performance, AEM da Aquamist na sayar da kayan a haɗe: tanki, famfo mai ƙarfin matsi, kan feshi, siraran tiyo, bawul mai hana ruwa tsiyaya, da na'urar da ke ba da umarnin lokacin feshi gwargwadon matsin turbo.

Yadda ake haɗawa

1. Cire kan batir kafin ka taɓa kowace waya.
2. Kafa tankin nesa da salansa da duk wani wuri mai zafi. Famfon ya zauna kusa da tankin, kuma ƙasa da shi, don ruwan ya riƙa gangaro masa.
3. Kan feshin ana ɗaura shi a bututun iska bayan intakula, wato na'urar da ke sanyaya iskar turbo, kafin a kai bakin totur. Cire bututun gaba ɗaya kafin ka huda shi, ka wanke, don kada garin ƙarfe ya shiga inji. Kada feshin ya taɓa na'urar auna yawan iska.
4. Sa bawul ɗin kusa da kan feshin. In babu shi, ruwa na iya tsiyaya cikin bututu motar na ajiye. Ruwa ba ya matsuwa, don haka idan ya taru a silinda aka tayar da inji, sandar fistin na iya lanƙwashewa.
5. Ja wutar ta hanyar fiyus, daga layin da ke mutuwa idan an kashe makulli.
6. Gwada feshin a waje kafin ka ɗaura shi. Hazo ake so, ba tsartuwa ba.

Girman kan feshi kuwa ana zaɓarsa ne daidai da ƙarfin injin, bisa jadawalin da kamfanin ya bayar.

Inda ake yin asara

Haɗa kayan kaɗai ba ya ƙara wani ƙarfin a zo a gani. Ƙarfin yana zuwa ne idan ƙwararre ya sake saita ECU, ya ƙara matsin turbo ya gyara lokacin ba da wuta. Daga wannan rana lafiyar injin ta rataya a kan tankin nan. Ruwa ya ƙare, ko kan feshi ya toshe, ko famfo ya mutu kana tsaka da taka totur, injin zai ci gaba da aiki a saitin da ba zai iya jurewa ba.

Saboda haka abu mafi muhimmanci shi ne na'urar kariya da ke lura da gudun ruwan, ta rage matsin turbo da kanta da zarar feshin ya tsaya. Fitilar da ke nuna tanki ya yi ƙasa ba ta wadatar ba, domin ba ta san toshewa ba. Duk wanda kuɗinsa bai kai na kariyar ba, gara ya bar ECU a saitin kamfani.

Wayarka na iya taimakawa. Ƙaramar na'urar OBD2 mai Bluetooth da manhaja irin Torque za su nuna maka zafin iskar da ke shiga inji, muddin na'urar auna zafin tana gaba da kan feshin.

Hattara da metanol

Metanol guba ne. Kaɗan daga cikinsa na makantarwa, ƙari kaɗan ya yi kisa, kuma yana shiga jiki ta fata da numfashi. Harshen wutarsa da ƙyar ake ganinsa da rana. Kada a taɓa zuba shi a robar ruwan sha, kuma a nesanta shi da yara. Ruwan haɗin ya zama tataccen ruwa marar gishiri, domin na rijiya ko na leda zai toshe kan feshi.

Kuma kada a zuba shi a tankin mai. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai metanol fiye da ƙima Najeriya, aka janye shi daga kasuwa, layukan mai suka dawo Abuja da Legas. Metanol na cin wasu robobi da alminiyon, shi ya sa yake da nasa tankin da nasa tiyo.

Idan motarka ba ta da turbo, ko zirga-zirgar cikin gari kawai kake yi, tsabtace intakula da shan mai mai kyau sun fi maka amfani. Idan kuma motar tana da garanti, ka sani huda bututu da taɓa ECU na iya soke shi.